Raihanatu Mai Ɗauka Uku da Ƙofar Inna Dela

A kasuwar Tamaske akwai maganar da ta shekara biyu tana yawo, wai duk wanda Raihanatu ta ɗauka hoto, mutum uku take zarewa daga jikinsa. Ɗaya ta manna a takarda ta ba shi ya tafi gida. Sauran biyun ta dura su a waya ta aika Abijan ci-rani, suna dako a bakin teku, ita kuwa tana nan zaune a inuwa tana cin guminsu. Har wani tsoho mai sayar da igiya ya rantse da rawaninsa cewa tun ranar da ta ɗauke shi bayansa ke ciwo. Ai dole, in ji shi, tunda can wasu shi biyu na ta sungumar buhunan shinkafa ba dare ba rana.

To jama'a, ku kwantar da hankalinku. Ƙarya ce. Na fi kowa sanin ƙarya ce domin ni na ƙera ta, a teburin mai shayi, ranar da Raihanatu ta hana ni aron moto, wato babur ɗinta. Ban zaci za ta yi ƙafa haka ba. Na sake ta tana rarrafe, da ta dawo mini daga Keita har ta yi gemu. Gaskiya ƙwaya ɗaya ce a cikinta: sau uku take ɗauka. Dalilin kuwa shi zan ba ku.

Sunana Sha'aibu. Raihanatu ɗiyar kawuna Tukur ce, manomin albasa, ubanta da uwata ciki ɗaya. Taubashiyata ce ke nan, duk abin da na faɗa a kanta halal ne, ko alƙali ba ya shiga. Ni na bar lakwal, makarantar boko ke nan, a aji huɗu, bayan ni da mushe, wato malaminmu, mun kasa jituwa a kan lissafi. Ita ta kai aji shida, kuma shekara ashirin ke nan tana yi mini gorin waɗannan aji biyu kamar daga Faransa ta kwaso su.

Kyamarar ma ba tata ba ce tun farko. Wanta Mansur ya zo da ita daga Abijan, baƙa mai dogon hanci, ta sha hannu, ya ce shagon hoto zai buɗe. Ya yi wata biyu yana rataye da ita a wuya. Kaka na wucewa ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi irin na samarin ƙasarmu ta Adar, ya hau mota ya koma Abijan. Kyamara ta yi wata shida cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwan uwarsu, har ranar da Raihanatu ta je neman ɗankwali ta fito da sana'a.

Aikinta na farko ba zan manta ba. Suna ake yi a unguwarmu, dattawa tara suka jeru da hantsi cikin fararen riguna. Da hoton ya fito sai ga riguna tara, rawuna tara, fuska ko ɗaya babu. Liman kaɗai aka gane, shi ma don haƙorinsa na gaba. Ta sake gwadawa, ta buɗe wa kyamara ido don fuskoki su fito. Suka fito kuwa, amma riguna da bango da sararin sama duk suka narke fari fat, dattawa suka koma kawuna tara na iyo a ƙwaryar nono. Zafin ranar Adar bai san wasa ba, kuma mu Allah bai yi mu farare ba, ga mu da son farin tufafi. Ni na raɗa mata suna mai hoton tufafi. Sunan ya kama har kawu Tukur ya daina amsa gaisuwata na mako guda.

Wata rana yatsanta ya taɓa wani wuri, kyamara ta fara ƙyas, ƙyas, ƙyas, sau uku a latsawa ɗaya. Hoton farko baƙi kamar gindin tukunya, na biyu dama-dama, na uku fari kamar an wanke shi da toka. Na ce aljani ne ya shige ta, a kai wa malam. Ita ta kai ta Madawa wurin Iliyasu mai gyaran waya da rediyo. Iliyasu ya duba, ya yi dariya har ya saki abin kwance ƙusa.

"Ba ta lalace ba," in ji shi. "Ke ta ba ki san abin da ag gare ki ba."

Ga bayanin da ya yi mata, yadda kaina ya iya ɗauka. Idon ɗan Adam yana ganin rana da inuwa lokaci guda. Idon kyamara marowaci ne, in ya kalli haske ya manta da duhu, in ya leƙa duhu haske ya makantar da shi. Shi ya sa ake ɗauka uku. Ɗaya domin wurin da rana ta buga, ɗaya domin tsaka-tsaki, ɗaya domin lungun da ke cikin inuwa. Sai a zuba su a odinatar, wato kwamfuta, a tsinci mai kyau daga kowanne, a dama su wuri guda. Masu lakwal suna kiran abin ash-de-er. Ni ina kiransa fura, tunda gero da nono da ruwa ba wanda ke shayuwa shi kaɗai da daɗi.

Kwana goma ta yi a Madawa gidan wata gwaggonta tana koyo. Da ta dawo kuma sai ta zarce. Duk abin da na'ura ta iya sai ta murɗa shi har ƙarshe. Sararin sama ya koma kamar ranar tashin ƙiyama. Fuskar mutum kowane layi ya fito, har wanda bai riga ya tsiro ba. Wata amarya 'yar shekara ashirin da biyu ta karɓi hotonta ta ce, "Wagga kakar wa ta?" Wani mahauci ya fito kamar an ƙera shi da tsohon ƙarfe an bar shi a ruwan sama. Sai da ta yi asarar takarda mai yawa kafin ta gane abin kamar kanwa yake a miya. In ba a sa ba a ji, in an ji ta kuma an ɓata.

Sana'ar tana da doka ɗaya: tsakanin ƙyas na farko da na uku, kada kowa ya motsa, har ita kyamarar. Wanda ya motsa zai fito da kai biyu ko hannu huɗu, ana hango bango ta cikin cikinsa. Saboda haka ta sa maƙeri ya yi mata abin ɗora kyamara mai ƙafa uku da ƙarafan tsohon gado. Nauyinsa ya kai na ɗan maraƙi. Ku tambaye ni, ni ke ɗaukarsa.

Kasuwarta kuwa ba a Tamaske take ba, tana Abijan da Lome da Kwatano da duk inda 'yan Adar suka watsu. Mutum yana can shekara biyar, yana son ya ga ɗakin da ake gina masa ciki da waje, ko albasarsa a rumfar ajiya, ko jaririn da bai taɓa ɗauka ba. Ɗakunanmu na ƙasa duhu, waje kuma wuta. Hoton waya sai ya ba ka ɗaya ya cinye ɗaya. Na Raihanatu ke kawo duka biyun. Kuma ita mace ce, tana shiga har ƙuryar da namiji mai hoto zai tsaya a zaure yana sallama. Haka ta sayi moto, ta sa faranti mai kama hasken rana a kan shagonta, ta fara kallona sama-sama.

Kakar bara wata mata mai suna Fatsima ta zo shagon daga wani ƙauye kusa da Babankatami. Ina nan zaune ina taya Raihanatu gadin benci. Fatsima ta ce gwaggonta, Inna Dela, ta faɗi ta goce ƙugu shekara biyu da suka wuce, tun daga nan ba ta fita ɗaki. Ɗanta guda, Alƙasim, yana Abijan shekara goma sha ɗaya. Ya ce a aika masa hoton inda take wuni. Fatsima ta ɗauka da waya ta aika. Ta nuna mana hoton: baƙi ƙirin, wani abu kamar ƙullin tsumma a gefe, ƙofa kuma fari fat kamar bakin rami in kana ciki.

"Da yag gani sai yah hwashe da kuka," in ji Fatsima. "Yac ce mun jehwa uwatai cikin kabari da ranta. Mun hiddo ta waje mun ɗauka, yac ce wanga na ganin ido na, ɗakin shi ka tambaya. Yanzu ya yi magana da mai mota. Nan da kwana goma za a zo a ɗauke ta a kai mai ita Abijan."

"Ita mi tac ce?" in ji Raihanatu.

"Ta bar cin tuwo. Tac ce ɗakinta ya hi gidan bene. Ta hwaɗa mai ta waya, bai yarda ba, shina cewa kara ta ka yi muna. Tac ce a nemo mai ɗauka ukun nan ta Tamaske, ko da za ta aika biyunta dako, in dai ta gwada ma Alƙasim abin da ta ka gani."

Raihanatu ta harare ni. Ni kuwa na ji daɗi, ƙaryata ta kawo ciniki.

Washegari da sassafe muka hau moto, ni ke tuƙi, ita a baya da jakar kyamara, ƙafa-uku a ɗaure yana sukar haƙarƙarina. Hanyar nan duwatsu ne waɗanda ko jaki sai ya yi addu'a kafin ya taka. Mun isa da hantsi, hanjina ya koma wuya.

Inna Dela 'yar tsohuwa ce ƙarama, idanu kamar na shaho. Tana ganina a bakin ƙofa ta ce, "Ɗiyata, wanga dogon mijinki na?"

"Allah shi kiyaye, Inna. Ɗan gwaggona na. Shi ka ɗaukar min kaya."

"Ai na gani. Wuyan ga nai don kaya anka yi shi."

Ɗakin da duhu, ba ƙarya. Amma Inna Dela ta buga gefen gadonta ta ce Raihanatu ta zauna nan, daidai kafaɗarta, ta duba ƙofa. Ni ma na durƙusa na leƙa. Gadon an saita shi ne da ƙofar kamar da ma'auni. Daga nan kana ganin rumbun gero cike har wuya, da wani babban itacen bedi, wato darbejiya, da ya rufe rabin tsakar gida da inuwa, da hanyar rijiya ta bi ta gindin dangar kara, can baya kuma jan dutse ya tokare sama. Duk matar da za ta ɗebo ruwa sai ta bi ta nan ta ce, "Inna, ina kwana?" Tsohuwar nan daga kwance ta san wa ya yi baƙo, wa ya yi faɗa da miji, akuyar wa ta yi ciki.

"Kin gani?" in ji ta. "Wanga za a raba ni da shi, a kai ni in kalli bangon siminti."

Raihanatu ta kafa ƙafa-uku a ƙuryar ɗaki, inda kyamara za ta kama gefen fuskar Inna da ƙofar gaba ɗaya. Nan wahala ta fara. Da an ce "kar ki motsa" sai Inna ta ƙame, ta zare ido, ta tsuke baki.

"Inna, saki huska."

"Haka anka ce in yi ranar hoton katin zaɓe."

"Wanga in Alƙasim yag gani, jirgi zai aiko, ba mota ba."

Inna ta tuntsire da dariya, hoto ya fito da baki uku. Aka sake. Ta tuna ba ta faɗa wa Fatsima inda ta ɓoye daddawa ba, haɓa ta fito biyu. Aka sake. Kaza ta shigo. Aka sake. Ƙuda ya sauka mata a hanci. Ni dai na ƙirga ɗauka ɗari bakwai, Raihanatu ta ce ashirin da shida ne, amma ai kun san 'yan aji shida da rowar lissafi. Azahar ta wuce. Batir na farko ya mutu, na biyu ya rage layi ɗaya, garin kuma ba wuta.

Sai Raihanatu ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Inna, mun hwasa. Sai wani jiƙo." Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa kamar wadda ta gaji da duniya. Amma na ga ta jawo 'yar igiyar nan da ake latsa kyamara daga nesa, ta tura ƙarƙashin mayafinta. Ta juyo gare ni.

"Kai, hita. Kuma in nig ga ko inuwarka bakin ƙohwar ga, da ƙahwa za ka koma Tamaske."

Na fita. Fatsima ta ba ni fura a ƙwarya, na zagaya bayan ɗaki na zauna. Furar nan ta ji nono, ta ji yaji. Na sha, na lashe ludayi, na zauna ina tunanin rayuwa.

Abin da ya faru a ciki Raihanatu ta ba ni labari daga baya, da haƙora a cije. La'asar ta yi, rana ta kwanta, jan dutsen nan ya kama kamar garwashi. Ta ɗan gwada ɗauka ɗaya a ɓoye, Inna tana tauna goro, bai yi ba. Sai mata suka fara dawowa daga rijiya, awaki na biye. Inna ta manta da baƙi, ta manta da kyamara. Ta ɗora haɓa a hannu, tana kallon ƙofarta, fuskar nan ta saki kamar ta mai sauraron waƙar da ya sani tun yana yaro. Raihanatu ta latsa.

Daidai nan ni kuma tunanina ya kai ga cewa wataƙila akwai sauran fura. Na zuro kai ta gefen ƙofa na ce, "Fatsima, hurar nan da saura?"

Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas. Kyamara ta ɗauke wuta.

Kallon da Raihanatu ta yi mini, da a gonar albasa ta yi shi da ba a ci ko ɗaya ba bana. Har muka iso Tamaske, duk ramin da na faɗa sai ta ƙara danna mini ƙafa-uku a haƙarƙari.

Da safe ta buɗe odinatar. Fuskar Inna Dela ta fito yadda ba a taɓa ganin tsohuwa ta fito ba, har zanen bargonta da ƙwaryar da ke rataye a bango. Bedi ya fito, dutse ya fito, mata biyu da tuluna can nesa. A gefen ƙofa kuma, daidai kan rumbu, ga ni nan da kai uku. Ɗaya na shigowa, ɗaya baki buɗe, ɗaya na gudu. Ana hango rumbun ta cikin kunnena.

Abin da ya cece ni, ƙafa-ukun maƙerin nan bai gusa ba ko da faɗin gashi, kuma hoton gwajin da ta ɗauka Inna na tauna goro haskensu ɗaya. Daga can ta yanko gefen ƙofa da rumbu ta liƙa a kaina. Wuni biyu ta yi tana aske ni, kai bayan kai. Ban taɓa ganin mutum na share ɗan'uwansa da nishaɗi haka ba.

Ta aika wa Alƙasim. Kwana ɗaya shiru. Kwana biyu shiru. Saura kwana huɗu mota ta zo, Fatsima ta ce Inna ko kunu ba ta karɓa sai an yi da gaske. Ni kaina na daina zuwa teburin mai shayi, abin da ban yi ba ko ranar da aka cire mini haƙori.

Rana ta uku Fatsima ta turo mana saƙon murya da ya aiko. Raihanatu ta kunna. Da farko ba a jin komai sai ƙarar motoci da numfashin mutum. Sai ya ce:

"Iccen ga... bedin da nid dasa na? Wanda nik kewaye da ƙaya ranar da zan tahi? Iyakar gwiwata hwa nib bar shi." Ya ɗora da cewa, "Ashe abin da Inna ka kallo ke nan kullum. Na sallami mai mota. Ku bar ta inda take. Ni ka zuwa da sallar layya, in zamna nan gehen gadon in gani da idona. Kuma ku nemo magini shi ƙara ma ƙohwar hwaɗi."

Fatsima ta ce da Inna ta ji, sai ta ce a dama mata fura, a kuma sa tuwo. Game da magini kuwa ta ce duk wanda ya taɓa mata ƙofa sai ta tashi da ƙugun nan ta bi shi da muciya.

Alƙasim ya zo da layya, ya yi wata guda. Na ji an ce tun daga nan 'yan garinsu da ke Abijan ba sa yarda da hoton kowa sai na mai ɗauka uku.

Kun zaci Raihanatu ta jefar da wancan hoton nawa mai kai ukun? Ta wanke shi babba, ta sa masa gilashi, ta rataye a shago daidai inda kowa zai gani, wai don ta nuna wa masu zuwa abin da ke samun wanda ya motsa. Yara har daga wata unguwa suke zuwa kallo.

Ranar kasuwar da ta wuce na shiga na tarar da shagon cike, tana saita wani dattijo a bakin taga. Na ga dama ta samu. Na nuna hoton na ɗaga murya:

"Jama'a, ga shaida da idonku! Mutum uku taz zare daga jikina! Ɗiyar kawu, ina biyuna da kinka aika Abijan? Shekara guda suna dako, a ba ni abin da sunka samo!"

Ko ɗago kai ba ta yi daga kyamara ba.

"Na aika su, Sha'aibu. Abijan ta maido su. Sun ce tun da sunka sauka ba wanda yaɗ ɗaga ko tsinke. Guda shina zuba ƙarya bakin teku, guda shina bin gidaje shina tambaya ko hura da saura. Na ukun kau ga shi nan tsaye ya tare min haske. Gusa."